Goshin Jirgin Masunci Ba Mazaunin Inji Ba Ne: Martani Kan Tafkin Madarunfa

Wani marubuci mai kishin jihar Maraɗi ya fito da shawara game da masuntan tafkin Madarunfa, kuma shawarar tana samun karɓuwa fiye da yadda ta cancanta. Abin da yake so shi ne masunta su rage dogaro da filafili da sandar tuƙi, su rungumi ƙaramin injin nan mai aiki da batir wanda ake ɗaurawa a goshin jirgi. Hujjojinsa na mai tunani ne, don haka zan kawo su yadda ya kawo su. Ya ce injin ba ya ƙara, ba zai kori kifi ba. Ya ce jirgin da aka ja daga gaba ya fi wanda aka tura daga baya biyayya, musamman idan iska ta taso. Ya ce ba a sayen fetur, rana ce za ta cika batir, rana kuwa Allah ya hore mana ita. Ya ƙara da cewa manyan irin wannan inji suna da na'urar da ke magana da tauraron ɗan'adam, ta tsayar da jirgi wuri ɗaya ba tare da anga ba. Daga nan ya yanke cewa wahala za ta ragu, kamu zai ƙaru, samari za su zauna gida su bar tafiya cirani, saboda haka ƙungiyoyin masunta su nemi bashi ko tallafi su sayo shi. Wannan yankewar ta ƙarshe ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin bashi ba marubuci ke biyan sa ba, masunci ne da iyalinsa.

Abin da ya faɗa game da injin kansa, mafi yawansa gaskiya ne. Tun shekarar 1934 wani mutum mai suna O. G. Schmidt ya fara ƙera irin wannan inji a garin Fargo na ƙasar Amurka, kamfanin da ya kafa, Minn Kota, yana nan har yau, kuma kayansa suna aiki. Ƙarfi ma ba matsala ba ne. Maƙeransa suna auna ƙarfin turinsa da laba, ƙa'idarsu kuwa laba 2 ga kowace laba 100 ta nauyin jirgi da kayansa. Jirgin katako da mutum biyu da jiƙaƙƙiyar raga da batir, a ce kilo 500 ke nan, wato kimanin laba 1,100, ƙaramin inji mai laba 30 ya ishe shi. Haka nan maganar fetur: tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, duk mai zaune a bakin iyaka, daga Ɗan Isa har Maraɗi, ya san yadda man da ake shigowa da shi ya yi tsada. Ban yi jayayya da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Tambayar da marubucin bai yi ba ita ce: wa aka ƙera wa wannan inji, a kan wane irin jirgi, don wane irin su?

An ƙera shi ne don mutumin da ke kamun kifi na nishaɗi ko na gasa, wanda ke da faffaɗan jirgin roba ko na alminiyom, mai shimfiɗaɗɗen dandamali a gaba. Babban injin fetur da ke baya shi ke kai shi wurin kamu, can sai ya kashe shi, ya sauke ƙaramin na goshi, ya tsaya a kan dandamalin yana juya jirgin da takun ƙafa, hannuwansa biyu suna kan sandar fatsa, yana bin gaɓa sannu a hankali yana jefa koto ɗaya bayan ɗaya. Kifi ɗaɗɗaya yake nema, sau da yawa ma idan ya kama sai ya auna ya sake shi. Duk fasalin injin, daga farantin da ake ɗaure shi da noti har dogon wuyansa, an yi shi ne don wannan tsayuwar. Masuncin Madarunfa kuwa jirginsa siriri ne, goshinsa tsukakke ne mai ɗagawa sama, babu wani shimfiɗaɗɗen wuri da farantin zai zauna sai an kira kafinta ya yi ƙari, ƙarin da zai ɗora nauyi a wurin da jirgin ya fi ƙarancin faɗi. Injin goshi mai na'urori yakan kai kilo 15 zuwa 20, wuyansa ya wuce mita ɗaya, idan an naɗe shi kuma kwanciya yake yi a kan goshin. Wannan goshin shi ne wurin aikin mai birgi. Nan yake kafa ƙafafunsa, ya rataya ragar a kafaɗa da hannu, ya juya jiki ya watsa ta ta buɗe. A ina zai tsaya idan inji ya kwanta a wurin? Idan kuma an sauke injin cikin ruwa, me zai hana bakin birgin, da dalmarsa da zarensa, ya sarƙe a kan injin kafin ya kai ruwa? Sirdin doki ne aka ɗaura wa raƙumi: sirdin lafiyarsa lau, raƙumin ma haka, amma ba za a yi tafiya ba.

Sai farfela. Tafkin da ake su na neman abinci cike yake da zare: kalli da aka shimfiɗa tun yamma ana jiran asuba, mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, igiyoyin gura, ga tsofaffin guntayen raga da suka tsinke suka nutse. Duk wanda ya san irin wannan inji ya san babban abin da ke kashe shi shi ne zaren roba. Zaren yakan naɗe a bayan farfela, ya ci robar da ke tare ruwa, ruwa ya shiga cikin injin, wanda shi kansa a ƙarƙashin ruwa yake zaune. Shi ya sa maƙeran suke gargaɗin a riƙa cire farfela ana dubawa a kai a kai, a tafkunan da ba a ma shimfiɗa raga. Injin goshi kuma shi ne farkon abin da zai ci karo da duk abin da ke gaban jirgi. Mai filafili idan ya hangi alamar kallin wani, ɗaga filafilin yake yi, jirgin ya zame ta sama ba tare da ya taɓa komai ba. Mai inji a cikin duhun asuba, in bai hanga ba, ya yanka ragar maƙwabcinsa, ya kuma lalata injinsa. Wa zai biya ragar? Rigimar da sarkin ruwa zai zauna ya sasanta ke nan, tsakanin wanda ya samu bashi da wanda bai samu ba, kuma marubucin bai ce komai a kanta ba.

Batun shiru kuwa, an kwatanta injin ne da abin da ba shi ne abokin karawarsa ba. Lallai ya fi injin fetur shiru. Amma galibin jiragen su na wannan tafki ba inji suke da shi ba, kuma filafili a hannun gwani ya fi kowace farfela shiru.

Haka nisa. Lokacin da aka sanya tafkin cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2019, faɗin da aka rubuta masa hekta 524 ne. Da a ce murabba'i ne, kowane gefensa bai kai kilomita 2.5 ba. Yana cika ya bazu da damina, ya janye da rani. Injin batir irin wannan, komai ƙarfinsa, gudunsa bai cika wuce kilomita 6 zuwa 8 a awa ba, kuma sai an buɗe shi duka. Mintoci nawa ne za a rage wa mutumin da wurin kamunsa ke gaban idonsa tun daga gaɓa? Sa'annan tafkin ba mai zurfi ba ne, ƴan mitoci ne ko a tsakiyarsa, gefunansa kuwa, inda tarwaɗa da gaiwa ke shiga ciyawa da taɓo, wani wurin bai kai gwiwa ba. Farfela tana son ta nutse kamar santimita 30 ƙarƙashin ruwa kafin ta yi aiki ba tare da ta sha iska ba, ga tsawon fikafikanta a ƙasa da haka. Sandar tuƙi ba ruwanta da wannan. Na'urar da ke tsayar da jirgi wuri ɗaya abin sha'awa ce a ruwa mai zurfi inda sanda ba ta kai ƙasa ba, amma a nan masunci caka sandarsa yake yi cikin laka ya ɗaure jirgin. Injin da ke da wannan na'ura farashinsa ya haura dalar Amurka 1,000 a can inda ake ƙera shi, wato sama da jika 500 na sefa, kafin kuɗin dako da na kwastan da batir. Na'urar kuma tana riƙe jirgin ne ta hanyar kunna farfela a kai a kai, ma'ana duk tsayuwar batir take ci. Na yarda iskar hunturu tana wahalar da mai tuƙi, kuma jan jirgi daga gaba ya fi sauƙin daidaitawa a cikinta. Sai dai wahalar wasu safiyoyi a shekara ba ta kai a ci bashin da ya fi kuɗin jirgin da ragarsa ba.

A wurin batir ne lissafin marubucin ya fi rauni, domin ya ɗauki kyautar rana a matsayin kyautar wuta. Inji mai laba 55, wanda galibi shi ne mafi girma da batir ɗaya mai bolt 12 ke ɗauka, yana jan kusan ampiya 50 idan an buɗe shi duka. Batir mai lamba 100 a takarda zai ba shi awa 2, amma batirin dalma idan ana zuƙe shi fiye da rabi kullum, kwanansa gajere ne, don haka awa ɗaya ce ta gaskiya. A tafiyar sannu yana daɗewa ƙwarai fiye da haka, wannan ma gaskiya ne, kuma tsarin aikin mai kalli, fita da yamma da asuba, ya bar tsakar rana don caji. To amma nauyin wannan batir kilo 25 zuwa 30 ne, kullum sai an ɗauke shi daga jirgi zuwa gida an dawo da shi, ko a bar shi a gaɓa a sa mai gadi. Ba kuma batirin mota ake nufi ba. Na mota an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa na ɗan lokaci ya tayar da inji, ba a riƙa zuƙe shi ana cikawa ba, amma shi ne ya fi araha a kasuwa, shi kuma talaka zai saya idan na farko ya mutu. Zafi ma abokin gabar batirin dalma ne: duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage kusan rabin rayuwarsa, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafinmu wuce 40 yake yi. Na litiyom ya fi sauƙin nauyi da jimiri, kuɗinsa kuma ya ninka. Farantin hasken rana da na'urar daidaita caji su ma saye ake yi, ƙurar hunturu tana rage musu ƙarfi a daidai lokacin da aka ce iska za ta sa a fi bukatar injin. Wanda ya ce zai dogara da wutar kamfanin lantarki na Nigelec kuwa, ya tuna cewa layin da ke ciyar da Maraɗi daga Katsina yake shigowa ta Gazawa, kuma mun ga abin da ya faru daga watan Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 da aka yanke wutar Najeriya.

Akwai wani abu da ya fi kuɗi nauyi. Ina matattun batura za su tafi? Masu birgi da kalli suna bukatar dalma don nauyin raga, kuma mataccen batir cike yake da ita. Ba sai an yi dogon tunani ba a gane cewa za a fasa shi a tsakar gida, a zubar da ruwan asid a ƙasa, a narka dalmar a kusa da yara. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka rasu saboda gubar dalma daga fasa tsofaffin batura. Wanda zai kira a shigo da batura da yawa bakin tafkin da mutane ke cin kifinsa, dabbobi ke shan ruwansa, ake ban-ruwan lambu da shi, wajibi ne ya faɗi yadda za a tattara su idan sun mutu. Rubutun bai taɓo wannan ba ko da layi ɗaya.

Duk waɗannan ma da za a iya gyara su, da sauran babbar magana, wadda ita ce ginshiƙin saɓanina da marubucin. Ya ɗauka cewa abin da ya tsaya tsakanin masunci da kifi shi ne gajiyar dantse. A babban ruwa, inda akwai wuraren da ba a kai ba, inji yana buɗe sabon fage. A tafkin da kowane lungunsa an san shi, an kuma shimfiɗa masa raga, kifin da ke ciki shi ne iyakar abin da za a kama, kuma yawansa ya rataya ne a kan ruwan da ya shigo, da wurin da kifi zai yi ƙwai, da ko an bar ƙanana sun girma. Idan mutum goma suka sa inji, za su riga sauran zagaya ragarsu, su ƙara yawan kallin da suke iya dubawa, su kama rabon wasu. Idan kowa ya sa, kowa ya koma inda yake, sai dai yanzu da bashi a wuyansa. Mai bashi kuma ba ya iya haƙuri: shi ne zai fara sa raga mai ƙananan idanu, shi ne zai shiga ruwa a lokacin da aka ce a huta, domin ranar biya ba ta jiran karfasa ta girma. Shin wannan shi ne abin da zai riƙe samari a gida? Saurayi yana barin sana'ar su ne idan abin da ya fitar daga ruwa bai ciyar da shi ba. Da kifi na nan da yawa, da filafili bai kori kowa ba, kamar yadda bai kori iyayensu ba.

Ciwon tafkin a bayyane yake ga duk mai son gani. Ruwansa daga Gulbin Gabi yake zuwa, da ambaliyar Gulbin Maraɗi, wanda ke fitowa daga ƙasar Katsina. Tun da aka gina madatsar Jibiya a kan wannan gulbi wajen shekarar 1990, yadda ruwa ke saukowa ya canza. Abin da ke shigowa kuma yana zuwa da yashi da laka daga gonaki da dazuzzukan da aka sare, daga dajin Baban Rafi har gefen tafkin kansa, yana cike gindinsa shekara bayan shekara. Tafkin da ke rage zurfi ya fi saurin ɗumama da ƙafewa, ya fi kuma rashin dacewa da farfela. Idan akwai kuɗin da ƙungiyar masunta ko wani mai tallafi zai iya samu, aikin da ke jiran su shi ne kare mashigar ruwa daga yashi, dasa itatuwa da ciyawa a gaɓa, zuba ƴaƴan kifi da tsare su har su girma, musanya raga mai ƙananan idanu da wadda doka ta yarda da ita, da samar wa mata masu suya da banda hanyar adana kifi don kada zafi ya tilasta musu karyar da shi kafin ya kai kasuwar Maraɗi. Farantin hasken ranan da za a saya don caja batirin jirgi ɗaya, da an haɗa irinsa an kunna firji ko injin ƙanƙara, da amfaninsa ya kai ga gidaje da yawa, har da waɗanda ba su da jirgi.

Za a ce mini ai a wasu wuraren Afirka an yi, ya kuma yi kyau. An yi. A tafkin Biktoriya, a garin Mbita na ƙasar Kenya, kamfanin ASOBO ya ba masunta injinan batir. Amma a duba bambancin. Wancan tafki faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 68,000, masuntansa suna tafiya mai nisa kowane dare, da ma fetur suke ƙonawa, don haka akwai kuɗin da za a ceto. Injinan a gindin jirgi ake ɗaura su, domin aikinsu tafiya ce. Sa'annan haya ake ba su, kamfanin ne ke cajin batir da gyara, ba a ɗora wa masunci mallakar abin da ba zai iya gyarawa ba. Misalin, idan an karanta shi da kyau, hujja ce a kan marubucin. Za a kuma ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Na yarda, a gwada. Amma gwaji jirgi ɗaya ne ko biyu, da kuɗin wanda zai iya jure asara, na tsawon shekara guda cur, damina da hunturu da bazara, ana rubuta abin da aka kama da abin da aka kashe. Kiran ƙungiyoyi su ci bashi tun kafin haka ba gwaji ba ne, caca ce da abincin mutane.

Matsayina shi ne injin goshi bai dace da jirgin su na Madarunfa ba, kuma bai kamata a kashe kuɗin masunta ko na tallafi a kansa ba. Wannan bai hana injin batir samun gurbi a tafkin ba. Jami'an ruwa da gandun daji da ƴan kwamitin masunta masu sintiri suna bukatar su zagaya ruwa da dare ba tare da an ji su ba. Ana bukatar jirgin ceto. Akwai kuma baƙi: tafkin da dajinsa da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006, masu ziyara suna zuwa, tsuntsaye masu ƙaura suna sauka, kuma jirgin da zai ɗauki mutane ba hayaƙi ba malalar mai ya fi na fetur dacewa da irin wannan wuri. Ga waɗannan ayyuka, abin da ya kamata a saya shi ne mafi sauƙin iri: wanda ake maƙalawa a gindin jirgi da maɗauri biyu a kan ɗan katako, mai riƙon hannu, mai laba 30 zuwa 55, bolt 12, gajeren wuya, ba na'urar tauraron ɗan'adam, wanda kuɗinsa ɗan kaso ne na na goshi. Ana ɗaga shi da hannu ɗaya idan an zo kan raga ko ruwa ya yi ƙasa, a cire shi a kai gida da dare, kuma makanikin da ke gyaran injin ban-ruwa ko mai naɗin waya a Maraɗi zai iya buɗe shi. Ya zama mallakar ƙungiya, da mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin caji da duba farfela, da farfela ta biyu a ajiye, da yarjejeniya a rubuce da mai sayar da batir cewa zai karɓi tsohon duk ranar da aka zo sayen sabo.